'Yarmu ta nace sai karatun yumɓu a jami'a: ina neman shawara

Bappa Umaru, Jahun:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka san abin su yi magana. 'Yar ƙanena marigayi, wadda take hannuna tun bayan rasuwarsa, ta samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, sashen zayyanar kayan masana'antu, wanda yaran ke kira dizain. Da kanta ta cike shi a JAMB, ba wanda ya tura ta. Ta ce in lokacin zaɓen fanni ya zo yumɓu za ta ɗauka, wato ginin tukwane da kofuna da tayil. Gida ya rabu biyu. Mahaifiyarta ta ce ba ta ga dalilin da za a kwashe shekara biyar ana kashe kuɗi don koyon abin da matan ƙauye ke yi ba su taɓa taka ƙofar makaranta ba. Ni kuwa amana ce a hannuna. Ba na son in tauye ta, ba na kuma son in zuba ido ta shiga abin da za ta yi da-na-sani. Me ake koyarwa a karatun nan? In an gama ina ake dosa?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam Bappa. Ku lallashe ta ta canja tun da sauran lokaci. Yarinyar da ta iya cin jarrabawar shiga ATBU ai za ta iya jinya ko malanta. Mace tana buƙatar aikin da albashinsa ke faɗowa ƙarshen wata.

Hamma Sale, Tunfure:
Bappa, Allah ya jiƙan mahaifinta. Wannan karatun na yi, fannin zanen bugawa, kuma da shi nake ci da iyalina a nan Gombe. A jami'ar fasaha irin ATBU shekara biyar ne, digirin kuma B.Tech. Da farko darussan tushe ne, kimiyya da lissafi da zane. Daga nan sai a zagaya da ɗalibi ɗakunan aiki, ya taɓa yumɓu, ya taɓa rini da saƙa, ya taɓa zanen bugawa, kafin ya zaɓi inda zai zauna. A aji huɗu akwai wata shida na koyon aiki a waje, SIWES ke nan, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ke kula da shi. Aji biyar na furojet ne.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan ba karatun hadda ba ne. Rabin rayuwar ɗalibi a situdiyo take, wato ɗakin aiki. Akwai ranar duba aiki: ka jera abin da ka yi a kan tebur, malamai su kewaye ka, ɗaya ya ɗaga kofinka ya ce me ya sa mariƙin ya yi ƙanƙanta, yatsa nawa zai shiga? Wani ya juya shi ya dubi gindinsa. Ba inda za ka ɓuya. A jarrabawar takarda mutum zai iya kwana biyu yana haddace littafi ya tsallake, a nan kuwa in ba ka zauna ka yi ba, teburinka ne zai tona ka.

Malam Ɗanjuma, Fadaman Mada:
Hamma Sale, bayaninka ya yi, amma ba ka taɓa tambaya ta biyu ba. Ina ake dosa? An kafa irin waɗannan kwasa-kwasan ne lokacin da masana'antu ke da rai. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Kai da kake Gombe ka san unguwar BCGA, ka san sunan ya samo asali ne daga zamanin da auduga ke da kasuwa ana gurzar ta a nan. Yau atamfar da matanmu ke ɗaurawa akasari daga waje take zuwa. Manyan kamfanonin tayil kuma suna can Kogi da Ogun. Marainiya daga Jahun, wa zai kai ta can, wa zai riƙe ta? Kai ka dace don fanninka na bugawa ne, kullum akwai biki da siyasa da makarantu masu son riguna. Yumɓu fa?

Adda Rabi, Gwallameji:
Malam Ɗanjuma, tambayarka a kan hanya take, zan zo kanta. Amma bari in fara da maganar mahaifiyar yarinya, don ita ce ta fi taɓa ni. Yumɓu na karanta, kuma shi nake yi har yau.

Matan ƙauye sun iya gini, wasunsu sun fi ni hannu nesa ba kusa ba. Suna gasa tukwane a fili da kara da ciyawa da kashin shanu, zafin da ba ya cika wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyos. Tukunyar da ta fito daga irin wannan wuta tana da ƙananan ƙofofi a jikinta, ruwa na tsattsafowa yana bushewa, shi ya sa ruwan randa yake sanyi. Suna kuma daka tsingaro su zuba a cikin yumɓun, shi ke hana tukunya fashewa a kan murhu. Wannan ilimi ne cikakke, kuma ya dace da aikin da aka yi shi dominsa. Amma da shi ba za ka yi kofin shayin da ba ya tsotse ruwa ba, ko farantin da za a wanke sau dubu bai yi wari ba, ko tayil, ko abin da ke riƙe wayar lantarki a kan falwaya. Waɗannan sai an gasa su a rufaffen tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1200 zuwa 1300, inda yumɓun zai haɗe ya zama kamar dutse, sannan a shafa masa ruwan sheƙi, wanda asalinsa gilashi ne da ake narkarwa a jikin kayan. Jan yumɓun da ake gina tulu da shi, in ka kai shi wannan zafin, sau da yawa lanƙwashewa zai yi ko ya narke. To wace ƙasa ce za ta jure? Da me za a gauraya ta, kashi nawa cikin ɗari? Nan karatun yake.

Ga yadda ake gwada ƙasa. Ka jiƙa ta, ka tace, ka bari ta sha iska, ka cuɗa har iskar cikinta ta fita. Sai ka yanka 'yan fale-fale, ka ja layi mai tsawon santimita 10 a kan kowanne, ka sa masa lamba. In ya bushe ka auna, in an gasa ka sake aunawa. Layin zai iya komawa 9 ko ma ƙasa da haka. Yanzu ka san yadda ƙasar ke tsukewa, ka san girman da za ka ba murfi don ya zauna a bakin tukunya bayan gashi. Sannan ka ɗora gasasshen a sikeli, ka tafasa shi cikin ruwa, ka goge, ka sake ɗorawa. Bambancin nauyin shi ne ruwan da ya sha. Duk wannan sai an rubuta, don ranar da abu ya yi kyau ka iya maimaita shi, ranar da ya lalace ka san dalili.

Kuma arzikin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Farar ƙasar Alkaleri, wadda ake kira kawolin, motoci ke kwashe ta zuwa wasu jihohi. Ita kaɗai ba ta da danƙon da za a yi gini da ita, kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1700, shi ya sa ake yin bulon tanderu da ita. In ka gauraya ta da dusar katako ka gasa, dusar ta ƙone ta bar ramuka, bulon ya yi sauƙi ya kuma riƙe zafi. Da irin wannan bulon na gina tanderun da nake aiki da shi.

Maman Khalil:
Adda, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Amma ana samun ciniki?

Adda Rabi, Gwallameji:
Ana samu, amma ba zan ce miki akwai layin masu saye a ƙofata ba. Kaskon turaren wuta shi ne kan gaba, musamman lokacin bukukuwa. Sai tukwanen fulawa na otal-otal da ofisoshi, da kofunan da ake rabawa a taro, da cikin murhun gawayi, wanda ke sa gawayi ya daɗe. Akwai watan da ake samu sosai, akwai wanda sai haƙuri. Da damina kaya ba sa bushewa da wuri. Da hunturu kuma bushewa suke da gaggawa su tsage in ba ka rufe su da leda ba.

Malam Ɗanjuma, Fadaman Mada:
To kin ga maganata ke nan. Digiri na shekara biyar ya ƙare a kaskon turare. Ban raina sana'arki ba Adda, Allah ya sa albarka, amma da wata shida a wajen mai sana'a ba za a iya wannan ba?

Adda Rabi, Gwallameji:
Siffar kaskon za a iya. Haɗa ruwan sheƙin da ba zai cutar da mutane ba, ba za a iya ba sai an san sinadaran. Hanya mafi sauƙi ta samun sheƙi a ƙaramar wuta ita ce zuba dalma, kuma dalma tana narkewa cikin abinci mai tsami. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinariya ne. Wanda ya koyi aikin da ido kawai zai ga abu yana ƙyalli ya yi murna. Ni da tokar itace nake haɗa nawa, da farar ƙasa da garin wani dutse da ake kira felsfa, kuma sai da na yi gwaji iri-iri kafin ya zauna.

Ɗan Marina:
Salamu alaikum. Ni ban yi jami'a ba, ɗan marina ne, a bakin karofi na tashi. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ke ci mini rai da ya kamata Bappa ya ji.

Ɗalibai suna zuwa wajen mahaifinmu lokacin furojet. Su zo da littafi da waya. Tsoho ya bar aikinsa ya zauna da su. Ya nuna musu yadda ake zuba baba da toka da katsi, kwana nawa ake jira, yadda ake gane karofi ya nuna daga kumfar da ke samansa da warinsa. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, su ga ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. Su ɗauki hoto, su rubuta, su yi godiya. Shi ke nan. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce Baba ga abin da na rubuta, ko ga abin da na gano da zai rage maka wahala. Wani yaro ya taɓa nuna mini littafin da aka ɗaure da baƙin bango, hoton hannun mahaifina na ciki, sunansa babu. Sun samu digiri, shi kuma yana nan inda yake, ciniki na raguwa saboda rinin kanti. Ban ce kada yarinya ta yi karatu ba. Amma in wannan ne karatun, kwasar ilimin talaka ne a kai shi inda ba zai ƙara ganinsa ba.

Hamma Sale, Tunfure:
Ɗan Marina, maganarka gaskiya ce, kuma ba ni da abin kare ta. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙa'idar bincike ma ta ce duk wanda ka ɗauki bayani a wajensa ka ambace shi. Ɗalibi ba ya mantawa ya rubuta sunan Baturen da ya karanta littafinsa, amma marinin da ya zauna da shi yini guda sai ya koma "wani dattijo". Malaman da ke duba furojet su ne ya kamata su tsaya a kan wannan.

Adda Rabi, Gwallameji:
Ɗan Marina, ka taɓo inda yake mini ciwo. Lokacin furojet ɗina wajen wata tsohuwa nake zuwa a wani ƙauye, Inna muke ce mata. In na kawo ƙasa, sai ta gutsuri kaɗan ta sa tsakanin haƙoranta ta ji yawan yashin, ta murza wata ta yi siririya ta naɗe a yatsa ta ga ko za ta tsage. Nan take ta ce wannan ta gini ce, wannan sai an ƙara mata tsingaro, wannan ki zubar. Ni kuma in koma makaranta in yi makonni ina aune-aune, sakamakon ya fito daidai da abin da ta faɗa. Bambancin kawai, ni ina da lambobin da zan ba wani a Gombe ko Azare ya yi aiki da su ba tare da ya ga ƙasar ba, ita kuma nata yana bakinta da yatsunta, ranar da ta tafi ya tafi. Sunanta yana shafin farko na littafina, kuma har ta rasu ina kai mata kaya tana dubawa. Ɗalibin da ya je ya kwasa bai dawo ba ya ci amana, kuma ya cuci kansa, don abin da tsoho zai faɗa maka a zuwan farko kaɗan ne daga abin da ya sani.

Malam Ibrahim, Bolari:
Ni tambayata ta wani gefen ce, kuma na san tana ran iyaye da yawa. Ba a sa su zana mutane ko gina mutum-mutumi? Wannan shi ya sa wasunmu ke gudun karatun zane gaba ɗaya.

Hamma Sale, Tunfure:
Malam, sassaƙa da gina siffar mutum aikin sashen zane-zane ne, irin wanda ABU Zariya ta yi suna a kansa. Dizain kayan amfani yake fuskanta. Amma kada in ɓoye maka, a darasin zane na tushe ana iya zaunar da mutum da tufafinsa a ce a zana shi, don koyon awo da inuwa. Hukuncin wannan a tambayi malamai, ba fagena ba ne. Bayan an shiga fanni kuwa, mai yumɓu ko mai tufafi zai iya gama karatunsa da adon dagi, da zayyana irin ta allon sauka, da zanen bangon gidajen sarauta, da aska takwas ta babbar riga. Adonmu ya ishe mutum aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Baban Ummi:
Kowa na maganar ilimi, ba wanda ya yi maganar aljihu. Ɗana ya yi irin wannan kwas a wata jami'a da ba zan ambata ba, fannin tufafi. Bappa, ka shirya. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami. Kowane mako akwai abin saye: yadi, rini, soda, kakin zuma, fenti, takardar zane mai kauri. Aiki ya lalace a sake saye. A shekarar ƙarshe su suka haɗa kuɗi suka gyara abin da ya kamata makaranta ta gyara, wutar lantarki kuma sai addu'a. Na sayar da tumaki saboda furojet ɗin nan. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da ɗan na kashewa, amma kada a ɗauka zai ɗauke kayan situdiyo.

Adda Rabi, Gwallameji:
Baban Ummi bai ƙara gishiri ba. A yumɓu ƙasar ba ta da tsada, wutar ce ke cin kuɗi, gas ko kananzir. Shi ya sa ɗalibai ke haɗuwa su cika tanderu ɗaya su raba kuɗin. Akwai kuma abin da ya shafi 'ya mace: gashi mai zafi yana ɗaukar awa goma ko fiye, kuma ba a barin tanderu shi kaɗai, wani lokaci har dare. A san da wannan tun yanzu, a san da wa take aiki, a shirya mai ɗauko ta. Sai ƙura. Busasshen yumɓu ba a share shi da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, don ƙurarsa tana taruwa a huhu shekara da shekaru.

Dokta Aminu:
Bari in ƙara wani abu a kan shekarar ƙarshe, don ita ce ke bambanta digiri da koyon sana'a. A Ostareliya digirin farko shekara uku ne. Wanda ya yi fice shi ake ba damar ƙara shekara guda ta musamman, ba ya yin komai a cikinta sai bincike ɗaya a situdiyo ƙarƙashin malami ɗaya, ya fito da kayan da ya ƙera da rubutun da ke bayanin tambayar da ya bi da yadda ya bi ta. Wanda ya yi kyau a wannan shekarar yana iya wucewa digirin dokta. A Sikotland ma shekara ta huɗu ce ke ɗaukar wannan nauyin. Mu a nan an haɗe ta cikin digirin, kowa sai ya yi, kuma sakamakon duk shekarun ne ke fitar da daraja: maki 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba.

Illar haɗewar ita ce da yawa suna ɗaukar furojet a matsayin shingen ƙarshe da za a tsallake. A yi katuwar tukunyar ado mai kai ƙirji, a ɗauki hoto da ita ranar baje koli, a bar ta tana shan ƙura a baranda. Alhali tambayoyi na nan birjik. Matatar ruwa ta yumɓu, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatamala a 1981, yumɓu ne da dusar katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙofofin da ruwa zai bi a hankali. Ƙaiƙayi ga shi nan tuli wajen masu casar shinkafar Dadin Kowa. Wane yumɓun Bauchi ko Gombe ne ya fi dacewa, kashi nawa na ƙaiƙayi, lita nawa yake tacewa a awa? Ɗalibar da ta amsa wannan da lambobi ta fito da abin da za ta nuna wa duk mai son ɗaukarta aiki ko ba ta jari.

Malam Ɗanjuma, Fadaman Mada:
Dokta, to ga Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane. Hotonta na bayan naira 20, duniya ta san ta, kuma ba ta yi jami'a ba. A wajen gwaggonta ta koya. Wannan bai nuna hannu ne abin ba, ba takarda ba?

Dokta Aminu:
Malam, labarinta ai ɓangarena yake goyon baya. Gaskiya ne a gida ta koya, kuma ta riga ta ƙware har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta, a can Michael Cardew, Baturen Ingila mai ginin tukwane, ya gan su. Amma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. A can ta koyi na'urar juyi ta ginin tukwane da ruwan sheƙi da gashi mai zafi. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu irin na Gwari, da zanen kunama da ƙadangare da kifi, amma yanzu da yumɓun da ke jure babbar wuta. Haɗuwar biyun ce ta kai kayanta Landan. ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Ga kuma na kusa da mu, Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan na bushewa yana janye zafi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda wannan. Ilimin gida ne ya gamu da na makaranta a kan mutum ɗaya.

Malam Ɗanjuma, Fadaman Mada:
Mutum biyu ke nan cikin dubbai, Dokta. Na yarda karatun ba wasa ba ne, Adda ta gamsar da ni a nan. Inda ban gamsu ba shi ne ranar da aka gama hidimar ƙasa. Mai digirin jinya yana da inda zai kai takarda. Wannan kuwa sai ta gina tanderu, ta sayi gas, ta nemi wuri, ta nemi kasuwa, duk a kan wa? A kan Bappa. In har za ta yi, to ta ɗora da difilomar koyarwa bayan digiri ta yi rajista da hukumar malamai, ko ba komai za ta koyar da zane da sana'a a sakandare.

Ɗan Marina:
Wannan shawarar ta Malam ba ta da laifi. Ni dai roƙona, in ta shiga, a ce mata duk tsohuwar da ta koya mata abu ta riƙe ta kamar malamar aji. In kuma wata rana tana son ganin karofi, ƙofarmu a buɗe take.

Maman Khalil:
Ni har yanzu jinya ta fi kwanta mini, amma tunda ita ta zaɓa da kanta, tilasta mata wani abu ma yana da nasa haɗarin. Na ga yaran da aka tura kwas ɗin da ba sa so, suka yi ta faɗuwa har aka kore su.

Bappa Umaru, Jahun:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta duk abin da kuka rubuta, har na Malam Ɗanjuma da Baban Ummi, ban tsallake ko ɗaya ba. Maganar dare a wajen tanderu ce ta fi tsaya mata, sai ta kuɗi. Ta ce ba za ta hana ba, amma da sharaɗi biyu: yayanta ne zai riƙa ɗauko ta duk ranar da aiki ya kai dare, kuma za ta yi difilomar koyarwar nan bayan ta gama. Yarinyar ta amince. Tunda ba yanzu za a zaɓi fanni ba, ina so ta fara ganin aikin da idonta kafin lokacin, ta san wahalarsa. Adda Rabi, ko za ki yarda ta riƙa zuwa wajenki kafin a buɗe makaranta?

Adda Rabi, Gwallameji:
Da hannu biyu, Bappa. Ta zo ranar Asabar da safe tare da mahaifiyarta, ita ma ta ga wurin. Ta sa tsofaffin kaya, ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro. Ta zo da littafin rubutu mai kauri da ƴar rula. In da hali ta ɗebo ƙasa kamar mudu ɗaya-ɗaya daga wurare uku, bakin rafi ko inda ake haƙa rijiya ko kududdufin da ake buga bulo, ta ɗaure kowace daban ta rubuta inda ta samo ta. Makon farko ba za ta taɓa na'urar juyi ba, tacewa da cuɗawa za ta yi. Zan tura maka kwatancen gidan ta saƙon sirri.